Shi "Dakta", ita kuwa "Madam"

Duk wanda ya saba zuwa taron ilimi ya san yadda ake yi. Mai gabatarwa zai ce "yanzu Farfesa Wane zai yi mana jawabi", amma in aka zo kan mace mai digiri daidai da nasa, sai ka ji "ga Madam" ko "ga Hajiya". Ba da mugun nufi yake faɗa ba, a ganinsa ma girmamawa ce. Sai dai Hajiya shaidar zuwa Makka ce, Madam kuma shaidar aure. Babu wadda ta faɗi shekarun da matar ta kwashe a ɗakin bincike.

Ba mu kaɗai ke da wannan hali ba. A 2017 an wallafa wani bincike da aka yi a asibitin Mayo Clinic na Amurka, inda aka bi diddigin gabatarwa 321 a tarukan likitoci. Idan namiji ke gabatar da namiji, yana kiransa da muƙaminsa a kashi 72 cikin 100. Idan mace ce a gabansa, sai adadin ya sauko zuwa 49. Mata masu gabatarwa kuwa da wuya su tsallake muƙamin wani, namiji ne ko mace.

Mu da muka yi lakwal da Faransanci mun gaji wata matsalar daban, domin harshen kansa ya daɗe bai tanadar wa mace suna a manyan ayyuka ba. A da, in an ce "pharmacienne" ko "ambassadrice", matar mai kantin magani ko matar jakada ake nufi. Sai a watan Fabrairun 2019 majalisar kula da harshen, Académie française, ta amince da sunayen sana'o'i na mata. Ƙofar ilimin ma haka ta kasance. A farkon 1911 majalisar kimiyya ta Faransa ta ƙi zaɓen Marie Curie, alhali tana riƙe da kyautar Nobel tun 1903, kuma a ƙarshen wannan shekarar ta karɓi ta biyu. Sai 1979 mace ta farko, Yvonne Choquet-Bruhat, ta zama cikakkiyar mamba a can.

Hausa ba ta da wannan uzuri. Muna da Malam, muna da Malama. Likita, Dakta da Farfesa kuma ba su ware kowa ba. Baki ne kawai ya saba.

Wani zai ce ai suna ne, me zai rage mata? Yana ragewa. Wanda aka ji ana kira Dakta, shi ake nema a gidan rediyo, shi ake sa wa a kwamiti, maganarsa ake rubutawa. A asibiti kuwa, mara lafiya yakan gama yi wa likita mace bayani, sannan ya tambaye ta yaushe likita zai shigo. Yara ma suna sauraro: na taɓa sa ɗaliban ajina su zana masanin kimiyya, har 'yan matan duk namiji suka zana, wasu da gemu.