Wayar Jagora da Numfashin Bakwaini

Bahaushe yana kiran jaririn da aka haifa a wata na bakwai bakwaini, amma a wurin likitoci duk wanda ya zo duniya kafin ciki ya cika mako 37 bai isa haihuwa ba. Babbar matsalarsa ita ce numfashi. A cikin huhu akwai ƙananan jakunkunan iska, kuma wani ruwa mai maiƙo da ake kira safaktan shi ke hana su mannewa idan an fitar da iska. Huhu ba ya samar da isasshen wannan ruwa sai wajen mako 34 ko 35. Mary Ellen Avery da Jere Mead ne suka gano a Amurka, a 1959, cewa rashinsa ne ke sarƙe numfashin bakwaini.

Idan jariri ya kasa numfashi, likita yakan zura masa bututun roba ta baki zuwa hanyar iska, domin a hura masa iska ko a ɗiga masa safaktan. Aikin ba wasa ba ne. Ga jaririn da bai kai kilo ɗaya ba, faɗin ramin bututun milimita 2.5 ne kacal. Hanyar abinci kuwa tana nan bayan hanyar iska, in an kuskure bututun can zai faɗa. Kuma ana so a gama cikin daƙiƙa 30, in ba haka ba a dakata a ba jariri iska.

To, bututu siriri haka yakan lanƙwashe. Mai karatu ya tuna yadda ake ɗaura zariya a jikin tsinke kafin a zura ta a ƙugun wando. Haka nan likita yake sanya wata waya mai tanƙwaruwa, wadda Turawa ke kira sitailet, a cikin bututun don ya yi ƙarfi, sa'an nan ya zare ta da zarar an shiga. Sharaɗi shi ne kada bakin wayar ya leƙo waje, domin yana iya huda maƙogwaro.

Hankali zai ce wayar tana sauƙaƙa aiki. Amma a 2013 Omar Kamlin da abokan aikinsa a Melbon ta Ostareliya sun buga sakamakon gwaji a kan zura bututu sau 302. Masu waya sun dace da kashi 57 cikin ɗari, marasa waya kashi 53. Wannan tazara ba ta kai a ce ɗaya ya fi ɗaya ba. A ganina, ɗalibin kimiyya ya kamata ya lura da wannan: dubarar da aka daɗe ana amfani da ita, sai da aka ƙirga aka san iyakarta.

Ga bakwainin da aka haifa a Kibiya ko ƙauyukan Rano, zancen waya na baya ne. Bututu yana bukatar ƙwararren hannu da na'urar numfashi, irin na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Abin da ke gaban ungozoma shi ne ta goge jikin jariri, ta hana shi sanyi, in bai yi numfashi ba ta hura masa iska da jakar roba mai marfin fuska cikin minti na farko. A hanya zuwa Babban Asibitin Rano ko Kano, a ɗaura shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a rufe masa kai.