Coci Da Mulki: Abin Da Ya Faru A Afirka Ta Kudu

Sau da yawa akan ji ana gardama a kan ko ya dace malamin addini ya tsoma baki cikin siyasa. Duk mai son ya ga inda wannan magana take kaiwa, to, ya dubi coci-cocin Afirka ta Kudu a zamanin mulkin wariyar launin fata. Littafi Mai Tsarki guda ne a hannun kowa, amma da shi wasu suka kafa wa zalunci hujja, da shi kuma wasu suka yaƙi zaluncin.

Asalin al'amarin ya girmi gwamnatin wariyar kanta. A cikin shekarar 1857, majalisar cocin Turawan nan jikokin mutanen Holan, wanda ake kira NGK a taƙaice, ta yarda a riƙa yi wa waɗanda ba Turawa ba sujada a wuri dabam. Majalisar ta amsa da bakinta cewa taruwa wuri ɗaya shi ya dace da koyarwar Littafi, amma ta sassauta saboda raunin zuciyar waɗansu mabiya. Sannu a hankali sassauci ya zama al'ada, har a 1881 aka kafa wa masu ruwa biyu cocinsu dabam.

Da jam'iyyar 'yan wariya ta ci zaɓe a 1948, wanda ya zama Firayim Minista, watau D.F. Malan, tsohon limamin wannan coci ne. Malaman cocin suka yi ta kawo labarin hasumiyar Babila, wai tun da Allah ne ya rarraba al'ummai, haɗa su saɓo ne. Abin da aka fara cikin ɗakin ibada sai ga shi ya zama dokar ƙasa.

Ranar 21 ga Maris 1960 'yan sanda suka harbe baƙar fata 69 a Sharpeville. A watan Disamba, Majalisar Coci-coci ta Duniya ta kira taro a Cottesloe, cikin birnin Johannesburg, inda har wakilan NGK suka yarda cewa bai halatta a hana Kirista shiga coci saboda launinsa ba. Firayim Minista Verwoerd ya fusata, cocin kuwa ya juya wa wakilansa baya, ya fice daga majalisar a 1961. Masu magana sun ce in baki ya ci, ido kan ji kunya.

Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Beyers Naudé, babban limami a NGK, ya ƙi janye maganarsa, ya rasa muƙaminsa a 1963, gwamnati kuma ta hana shi walwala daga 1977 zuwa 1984. Desmond Tutu na cocin Angilika ya zama babban sakataren Majalisar Coci-cocin Afirka ta Kudu a 1978, ya yi ta kiran duniya ta ƙaurace wa gwamnatin ta fuskar ciniki, ya sami lambar Nobel a 1984. A 1982, a birnin Ottawa na ƙasar Kanada, ƙungiyar duniya ta coci-cocin da ke bin aƙida ɗaya da NGK ta yanke cewa kare wariya da sunan addini ɓata ne, ta dakatar da shi. A 1988 jami'an tsaro suka tayar da bam a hedkwatar majalisar coci-cocin ƙasar, abin da Ministan 'Yan Sanda Adriaan Vlok ya amsa daga baya.

A 1986 NGK ya buɗe ƙofarsa ga kowane launi. A 1990, a taron Rustenburg, Farfesa Willie Jonker ya tashi ya nemi gafara a madadin cocinsa da mutanensa, Tutu kuma ya karɓa nan take. Shekara huɗu bayan haka aka yi zaɓen da ya kawo Nelson Mandela.

Mai karatu zai lura cewa dukan ɓangarorin biyu sun shiga siyasa. Bambancin shi ne, ɗaya ya zauna a inuwar masu mulki har ya kasa faɗa musu gaskiya, ɗayan kuwa ya tsaya inda zai iya faɗa, ya kuma biya kuɗinta. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata mabiya kowane addini su riƙa auna shugabanninsu da shi.