Daga Damtse Zuwa Kafaɗa

Mai karatu, ka ɗauka kana filin koyon harbi a Amurka tare da abokinka, tsohon soja da yaƙi ya nakasa. Sai jami'in wurin ya zo ya ce abokinka ya dakata, wai hannunsa ba ya iya sarrafa bindigar. Me za ka yi? Ka rarrashe shi ku koma gida?

Hakan ta faru da Alex Bosco, shi ma tsohon soja, kuma bai iya haɗiye abin ba. A 2012 ya ƙera wani madauri da ake sa wa a bayan ƙaramar bindiga a ɗaure shi a damtse, don mai rauni ya iya harbi da hannu ɗaya. Ya kai wa ATF, hukumar kula da bindigogi, ta ce ba laifi. Da ma a nan maganar ta tsaya!

Akwai wata doka tun 1934, wadda aka yi saboda 'yan daba irin su Al Capone. Bindigar da ake kafawa a kafaɗa, in bututunta bai kai inci 16 ba, sai an yi mata rajista, a wancan lokacin har da biyan harajin dala 200. Wanda ya ƙi, zai iya shan ɗaurin shekara goma. Ƙaramar bindiga kuwa ba ruwanta da wannan. Ba a jima ba lafiyayyu suka gane cewa madaurin nan yana zama daram a kafaɗa, suka yi rububinsa. To, bindigar tana ƙarama ko ta zama ta kafaɗa?

Hukumar kanta ta rikice. A 2015 ta ce duk wanda ya kai shi kafaɗa ya canza bindigar. A 2017 ta sassauta. Ƙarfen bai canza ba, wasiƙun hukuma ne suke ta canzawa, kuma a ganina wannan rashin tsayawa a magana ɗaya shi ya jefa mutane cikin ruɗu.

Sai jini ya zuba. A Dayton, 2019, an kashe mutum 9. A Boulder, 2021, mutum 10. Duka maharan biyu bindigoginsu na ɗauke da irin wannan madauri.

A Janairun 2023 gwamnatin Biden ta fitar da sabuwar ƙa'ida: kwana 120, ko ka yi rajista, ko ka cire madaurin, ko ka sa dogon bututu, ko ka miƙa bindigar, ko ka lalata ta. Mai karatu, abin da ka saya da kuɗinka bisa izinin hukuma ne fa. Za ka bi layin rajista, ko za ka yi shiru?

Yawancinsu shirun suka yi. Hukumar ta ƙiyasta aƙalla irin waɗannan bindigogi miliyan 3 ke hannun jama'a, amma takardun rajista kusan 255,000 kawai ta samu. A Yunin 2024 alƙali Reed O'Connor na Texas ya soke ƙa'idar, domin wadda aka fitar ta yi nisa da daftarin da aka nuna wa jama'a tun farko.