Ayar Jifa da Wutar Geneva: Rikicin Calvin da Castellio

Duk mai karanta Littafi Mai Tsarki daga farko, idan ya iso sura ta 13 ta Maimaitawar Shari'a, wadda tsohuwar fassarar Hausa ta kira Kubawar Shari'a, sai ya ɗan ja numfashi. Surar tana magana ne a kan wanda ya nemi janye Isra'ilawa daga bautar Ubangiji zuwa bautar waɗansu alloli, kuma hukuncinsa kisa ne. In annabin ƙarya ne, a kashe shi. In kuwa ɗan'uwanka ne, ko ɗanka, ko matarka, ko amininka ya zo maka da zancen a asirce, ba a yarda ka tausaya masa ko ka rufa masa asiri ba, kai ne ma za ka fara jifa. Idan gari guda ya bi wannan hanya, a bincika, in abin ya tabbata a hallaka garin.

Mafi yawan Kiristocin yau za su ce maka wannan doka ta Isra'ila ce a zamaninta, ba ta hau kan ikilisiya ba. Amsar tana fitowa a sauƙaƙe, kamar dama can haka kowa ya fahimta. Alhali an daɗe ana jayayya kafin a kai ga wannan matsaya, kuma jayayyar ta ci rayuka. Tambayar da ta raba kawuna ita ce: idan Kirista ya riƙe mulki, wani Kirista kuma ya zo da koyarwar da malamai suka ce ɓata ce, wannan sura ta ba mai mulki iznin kashe shi?

A ƙarnuka uku na farko tambayar ba ta taso ba, domin Kirista su ne ake kamawa. Sai da daular Rumawa ta rungumi addinin sannan aka shiga uku. A wajejen shekarar 385 aka fille kan wani bishop ɗan Sifen mai suna Priscillian a birnin Trier, bayan 'yan'uwansa bishop-bishop sun kai ƙararsa gaban sarki. Manyan malamai irin su Ambrose na Milan da Martin na Tours sun yi tir da abin. Bayan haka Augustine, babban malamin Hippo, wato Annaba ta ƙasar Aljeriya a yau, ya kafa hujja da wani misali a Luka sura 14, inda mai biki ya sa a matsa wa mutane su shigo gidansa, ya ce hukuma tana iya tilasta wa 'yan ɗariƙar Donatus su koma babbar coci. Shi bai goyi bayan kisa ba, amma ya buɗe ƙofar da na bayansa suka faɗaɗa.

Inda rikicin ya fito fili sosai shi ne a Geneva, a ƙarni na 16, a kan wani likita ɗan Sifen mai suna Michael Servetus. Mutum ne mai kaifin ƙwaƙwalwa da kuma kaifin baki. Shi ne Bature na farko da ya rubuta yadda jini ke bi ta huhu kafin ya koma zuciya, bayanin da Ibn al-Nafis ya riga shi yi a ƙarni na 13. Tun a 1531, yana matashi, ya buga littafi yana sukar koyarwar Triniti. Katolika da Furotesta duka suka sa masa ƙahon zuƙa, sai ya sake suna ya zauna a garin Vienne na Faransa yana aikin likita. Daga can ya riƙa aika wa John Calvin, jagoran Furotesta a Geneva, wasiƙu masu zafi, har ya mayar masa da littafin da shi Calvin ya rubuta cike da gyare-gyare a gefen shafuka. A 1546 Calvin ya rubuta wa abokinsa Farel cewa in mutumin nan ya kuskura ya zo Geneva, muddin maganarsa tana da tasiri, ba zai fita da rai ba.

A 1553 Servetus ya buga babban littafinsa a ɓoye. Wani mazaunin Geneva ya tona asirinsa a wasiƙa, kotun Katolika ta kama shi, kuma wasiƙun da Servetus ya aika wa Calvin suna cikin shaidun da aka gabatar. Ya tsere daga kurkuku, aka ƙone mutum-mutuminsa da littattafansa a madadinsa. A kan hanyar gudun ne ya biyo ta Geneva, ya shiga coci ranar Lahadi 13 ga Agusta, aka gane shi, aka cafke. Dokar birnin ta ce mai ƙara ma sai ya shiga tsare har a ga ƙarfin ƙararsa, don haka sakataren Calvin ne ya tsaya a matsayin mai ƙara. Majalisar birni ta nemi shawarar Zurich da Bern da Basel da Schaffhausen, duka suka ce koyarwarsa ɓata ce mai haɗari. Aka same shi da laifin musun Triniti da ƙin yi wa jarirai baftisma. Ranar 27 ga Oktoba aka kai shi tudun Champel a bayan gari, aka ɗaure shi a jikin gungume tare da littafinsa, aka cinna wuta. Ya mutu yana kiran Yesu ya yi masa jinƙai.

A faɗi gaskiya, Calvin ba shi ne alƙali ba, a lokacin ma bai zama ɗan ƙasar Geneva ba, kuma masu adawa da shi suna da ƙarfi a majalisar. Ya roƙi a sare kan Servetus maimakon ƙonawa, aka ƙi. Sai dai ya so kisan, ya yi aiki a kansa, bayan an yi kuma ya tsaya ya kare shi. Abin da ke ɗaure kai shi ne, a watan Mayu na wannan shekarar Katolika suka ƙone ɗalibai biyar 'yan Furotesta a Lyon, waɗanda suka yi karatu a Lausanne, kuma Calvin ne ya riƙa rubuta musu wasiƙun ƙarfafa zuciya suna kurkuku. Wata biyar kawai tsakanin wutar Lyon da ta Champel.

A farkon 1554 Calvin ya fitar da littafin kare kansa, kuma Maimaitawar Shari'a 13 tana cikin ginshiƙan hujjarsa. A ganinsa, Allah da ya hana a tausaya wa ɗan'uwa ko mata idan aka taɓa ɗaukakarsa bai sāke ba. Idan hukuma tana kashe mai kisan jiki, yaya za ta ƙyale mai kashe rayuka da koyarwar ƙarya? Da aka ce masa ai Katolika ma haka suke cewa, sai ya amsa cewa bambancin a fili yake, su suna kashe masu gaskiya, shi kuwa yana kare gaskiya. Melanchthon, na hannun daman Luther jagoran Furotesta na Jamus, ya rubuto yana yaba hukuncin.

Wanda ya tashi ya ƙalubalance shi tsohon yaronsa ne, Sebastian Castellio. An haife shi a 1515 a yankin Savoy, Calvin da kansa ya kawo shi Geneva ya shugabanci makaranta. Suka saɓa a kan fassarar Waƙar Waƙoƙi da wasu batutuwa, aka hana shi zama fasto, ya koma Basel da iyalinsa. A can ya sha talauci, yana gyaran rubutu a maɗaba'a, yana tsamo itacen da kogin Rhine ya kwaso don ya ɗumama gida, da dare kuma yana fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin da Faransanci. A watan Maris na 1554 ya fitar da wani ɗan littafi da sunan aro, Martinus Bellius, a kan ko ya halatta a tsananta wa 'yan bidi'a. Dabarar da ya yi mai ciwo ce. Ya tattaro maganganun manyan malamai da suka hana kisa saboda aƙida, har da na Luther a farkon gwagwarmayarsa, har da na Calvin a bugun farko na babban littafinsa na 1536, lokacin da shi ne ɗan gudun hijira, inda ya ce ko waɗanda aka kora daga coci, ko Turkawa ma, da lallashi da addu'a ake jawo su.

A kan ayar kanta, Castellio bai ce ƙarya ce ba, bai kuma ce a tsallake ta ba. Cewa ya yi a duba wa take nufi. Musa yana magana ne a kan mai kiran mutane su bar Ubangiji su bi wani allah. Servetus kuwa Allah ɗaya yake bauta wa da Calvin, littafi ɗaya suke karantawa, a kan fahimtarsa suka rabu. Ɗora masa hukuncin mai bautar gumaka faɗaɗa doka ne zuwa inda ba ta kai ba. Ya kuma ce in dokar Musa za a bi, a bi ta duka, kada a zaɓi ayar da ta dace da abokin gaba a bar saura. Sannan ya kawo abin da Sabon Alkawari ya faɗa ƙarara game da mai tsattsaga jama'a da koyarwa, a Titus sura 3: a gargaɗe shi sau ɗaya, sau biyu, in ya ƙi a rabu da shi. A nan hukuncin ya tsaya.

Babbar hujjar ɓangarensa ita ce misalin alkama da ciyawa a Matiyu sura 13, inda barori suka nemi iznin tuge ciyawar da maƙiyi ya shuka a gona, maigida ya hana su don kada su tuge alkamar tare, ya ce a bari sai lokacin girbi. Mai karatu zai ɗauka wannan ya kashe magana. Ina! Tun zamanin Augustine aka samo mafita, aka ce dalilin hanin shi ne tsoron kuskure, saboda haka idan ciyawar ta bayyana sarai ana iya tuge ta. Thomas Aquinas ya bi wannan layi. Theodore Beza, wanda daga baya ya gaji Calvin, ya mayar wa Castellio martani a 1554, kuma a ɓangarensu an tafi a kan cewa misalin bai ɗaure hannun mahukunta ba. Kowa da ayarsa a hannu ke nan, kowa kuma yana da hanyar kauce wa ayar ɗan'uwansa.

A nan ne, a ganina, Castellio ya fi su hangen nesa. Ya lura cewa duk gardamar ta rataya ne a kan tabbacin wane ne ciyawa, kuma kowane gari yana da nasa tabbacin. Wanda ake kira mai gaskiya a wannan birni, in ya tsallaka zuwa na gaba ɗan bidi'a ne, har ya kwatanta abin da matafiyin da dole ya canji kuɗinsa a kowace iyaka. Ya ce da ya bincika ma'anar ɗan bidi'a a bakin mutane, bai samu komai ba sai wanda muka saɓa da shi. A wani rubutun da ya yi na amsa wa Calvin, ya ce mutanen Geneva ba aƙida suka kare ba ranar da suka ƙone Servetus, mutum suka kashe, domin aƙida aikin malami ce da hujja, takobi ba ya iya tabbatar da ita. Hukumar Basel ba ta bari an buga wannan rubutu ba, sai a 1612 ya fito a Holan.

Irin martanin da ya samu shi ne abin dubawa ga duk mai son sanin yadda saɓanin fassara ke rikiɗewa ya zama gaba. Daga Geneva aka riƙa jifansa da munanan sunaye, ana kiransa kare da kayan aikin Shaiɗan. Aka soki fassararsa ta Littafi Mai Tsarki. Har itacen nan da yake tsamowa a kogi aka mayar da shi zargin sata. Aka matsa wa Basel lamba ta kore shi daga jami'a, inda yake koyar da Girkanci. Birnin ma ba wurin sakin jiki ba ne: a 1559 aka tono gawar David Joris, wani jagoran masu sake baftisma da ya zauna a can da sunan ƙarya, aka ƙone ta a bainar jama'a. Ana cikin shirin gurfanar da Castellio kan zargin bidi'a ya rasu a Disambar 1563, yana da shekara 48.

Waɗannan masu sake baftisma su ne suka fi kowa shan wuya a wancan ƙarni, domin Katolika da Furotesta duka suna farautarsu. Tun a Janairun 1527 hukumar Zurich ta nutsar da Felix Manz a kogin Limmat. Galibinsu sun tsaya a kan cewa Kirista ba ya ɗaukar takobi ko kaɗan. Jikokin ɓangarorin biyu suna nan tare da mu: Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta faro a Garkiɗa a 1923, ta fito ne daga wannan jijiya ta ƙin ɗaukar makami, cocin CRCN da NKST kuma suna bin koyarwar Calvin, kuma duka suna zaune a inuwa ɗaya ta TEKAN. A Turai ma an yi ta neman gafara: cocin Zurich ta yi a 2004, tarayyar Lutheran ta duniya ta yi a 2010, cocin Katolika kuma ta amince da 'yancin addini a babban taronta na Vatican a 1965.

Surar ba ta canza ba, ko wasali ɗaya ba a cire mata ba. Masu karanta ta ne suka gaji da jini bayan kisan kiyashin Paris na 1572 da yaƙin shekara talatin da ya ƙare a 1648, suka dawo kan fassarar mutumin da aka kira kare.

A 1903, shekara 350 bayan kisan, mabiya Calvin suka kafa dutsen tunawa a Champel. Rubutun da ke jikinsa ya girmama Calvin, ya yi tir da abin da aka yi, amma ya ɗora laifin a kan zamanin, wai kuskuren ƙarninsa ne. Wannan uzuri bai karɓu ba. Castellio ma ɗan wannan ƙarni ne, littafi ɗaya suka karanta da Calvin, kuma ya faɗa masa gaskiya tun ba a yi wata biyar da kisan ba.