Yawan fushi da gadon taɓin hankali: me ya kamata mu sani?

A zagayen da muka yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci cikin ƙasar Maraɗi, wani ɗalibi magidanci ya tsai da mu bayan an tashi karatu. Ya ce: "Malam, ni mutum ne mai saurin fushi. Da wuya kwana biyu su wuce ban yi faɗa ba, ko a gida ko a gona. Kuma kawuna ya yi taɓin hankali har aka ɗaure shi da mari. Yanzu ɗana yana neman aure, dangin yarinya sun ce gidanmu akwai gadon hauka. Shin abin kawu ne ya biyo ni? Kuma zai bi ɗana?"

Tambaya ce mai nauyi, domin aure da mutuncin gida sun rataya a kanta. Mun san akwai gidaje da yawa masu irin wannan damuwa, suna ɓoyewa saboda kunya. Shi ya sa muka kawo amsar a wannan shafi.

Wane ciwo ne ake nufi?

Cikin cututtukan ƙwaƙwalwa akwai wanda likitoci ke ce ma bifola. Ma'anar kalmar ita ce abu mai kai biyu. Mu a nan za mu kira shi ciwon hawa da sauka, domin haka yake yi da mutum: wani lokaci ya ɗaga shi sama fiye da kima, wani lokaci ya kayar da shi ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 40 ke ɗauke da shi a duniya, wato kamar mutum 1 cikin manya 150. Yana kama maza, yana kama mata. Ya fi farawa tsakanin shekara 15 zuwa 25.

Lokacin hawa

Idan hawan ya zo, mutum yakan canza har na kusa da shi su ce ba shi ba ne. Ga manyan alamun:

1. Barcinsa ya ragu ƙwarai. Yakan kwanta awa 2 ko 3 kawai, ya tashi garau babu gajiya, dare bayan dare.
2. Magana ta yi masa yawa, yana yin ta da sauri, ba ya bari wani ya sa baki. Yana tsalle daga wannan zance zuwa wancan.
3. Ya ɗauki kansa fiye da yadda yake. Yana iya cewa shi ne zai gaji sarauta, ko shi waliyyi ne, ko ya gano hanyar arzikin da babu wanda ya sani.
4. Ya shiga ɓarnar dukiya. Ya buɗe rumbu ya sayar da hatsin shekara, ya sayar da shanun noma, ya rabar da kuɗin cikin kwana kaɗan.
5. Ya fara ayyuka da yawa a lokaci ɗaya, bai ƙare ko guda ba. Yana yawo dare da rana.
6. Ko dai murna ta yi masa yawa ba dalili, ko kuwa fushi ya yi masa yawa, musamman in an hana shi abin da ya nufa.

Ku lura da kyau: fushi ɗaya ne kawai daga cikin alamun, kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Likitoci suna duba ko waɗannan abubuwa sun haɗu, kuma sun ɗauki aƙalla kwana 7 a jere, kusan yini duka. Akwai ƙaramin hawa wanda bai kai wannan tsanani ba, shi kuma aƙalla kwana 4 yake yi.

Lokacin sauka

Bayan haka, ko kafin haka, sai sauka ta zo. Mutumin da ya hana gari barci da surutu ya koma ɗaka ya yi shiru. Baƙin ciki ya rufe shi, jiki ya mutu. Ba ya marmarin abinci, ba ya son hira, gona ma ta gagare shi. Yana ganin kansa ba shi da amfani, wani har ya riƙa fatan mutuwa. Wannan hali yakan ɗauki aƙalla mako 2, sau da yawa har watanni.

Tsakanin hawa da sauka, mutum yakan koma daidai, ya yi watanni ko shekaru yana harkarsa kamar kowa.

Bambancin hali da ciwo

A nan amsar ɗalibinmu take. Mai zafin zuciya haka aka san shi tun yana yaro. In an taka shi ya yi fushi, bayan awa ɗaya ko yini ɗaya ya huce. Da dare yana barcinsa. Ya san darajar hatsinsa, ba ya taɓa rumbu sai da lissafi. Wannan hali ne. Fushinsa kamar guguwar rani yake, ta taso ta wuce.

Shi kuwa ciwon hawa da sauka kamar damina yake: yana da ranar faɗuwa, yana zama kwana da kwanaki, sannan ya ɗauke. Iyali suna iya cewa: "Tun ranar kasuwa kaza ya canza, ya yi mako uku a haka, sannan ya dawo hayyacinsa." Saboda haka tambayar da za mu yi ita ce: shin mutumin ya fita daga halin da aka san shi da shi? Kwana nawa ya yi a haka? Yaya barcinsa yake?

Mun yi ma ɗalibinmu waɗannan tambayoyi. Ya ce barcinsa lafiya lau, bai taɓa ɓarnar dukiya ba, kuma fushin nan tun ƙuruciya yake tare da shi. Abin da ya faɗa bai yi kama da wannan ciwo ba. Duk da haka mun ce ya ga likita, domin likita ne kaɗai ke da ikon yanke hukunci.

Wasu abubuwan da ke kawo yawan fushi

Fushi yana da uwaye da yawa. Akwai yunwa da bashi da rashin amfanin gona. Akwai rashin isasshen barci, da ciwon da ya daɗe a jiki. Akwai shan ƙwayar tiramol da wiwi da giya, waɗanda ke sa matashi faɗa da rashin kunya. Wani irin ciwon maƙoƙo yana sa bugun zuciya da rama da zufa da saurin fushi. Ciwon baƙin ciki ma, musamman ga maza, yakan fito da fuskar faɗa. Kowanne daga cikin waɗannan yana da nasa maganin.

Kada kuma mu ce tunda ba ciwon ƙwaƙwalwa ba ne, to ba komai. Fushin da ke kai ga bugun mace ko yara, ko saki cikin gaggawa, ɓarna ce da ke bukatar gyara. Mai irin wannan ya koyi barin wurin in ransa ya ɓaci, ya jinkirta magana har ya huce, ya nemi shawarar dattijon da ya amince da shi.

Maganar gado

Gaskiya ne wannan ciwo yana bin jini. Amma Hausawa kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai mutane su ɗauka duk abin da ke ga uba dole ya fito ga ɗa. A wannan ciwo ba haka ba ne. Idan uwa ko uba yana da shi, cikin ƴaƴa 10 kamar 1 ne yakan kamu, sauran 9 su tsira. Idan mai ciwon kawu ne ko baffa, haɗarin ya fi haka ƙanƙanta. Ko tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, masu kama ɗaya da jini ɗaya, sau da yawa ɗaya ya kamu ɗaya ya zauna lafiya.

Manomi ya san iri yana iya kwana cikin ƙasa bai tsiro ba in bai samu ruwa ba. Abubuwan da ke tayar da wannan ciwo ga wanda ya gada sun haɗa da kwana da yawa babu barci, babban tashin hankali kamar rasuwa ko asara, da shan ƙwaya. Ga mata kuma, makonnin farko bayan haihuwa lokaci ne na haɗari. Mai jego da ta daina barci, ta rikice da magana, a kai ta asibiti ba tare da jinkiri ba.

Akwai wani abin kuma. A ƙauyukanmu kalmar hauka tana rufe cututtuka daban-daban: farfaɗiya, illar sanƙarau, ruɗewar tsufa, ɓarnar ƙwaya, da wasunsu. Kawun ɗalibinmu ba a taɓa kai shi asibiti ba, saboda haka babu wanda ya san abin da ya same shi. Hana saurayi mai lafiya aure saboda ciwon da ba a san sunansa ba zalunci ne.

Akwai magani

Ciwon hawa da sauka yana jin magani. Tun shekarar 1949 wani likita a ƙasar Ostareliya, John Cade, ya nuna cewa maganin da ake ce ma litiyom yana kwantar da hawan. Yau akwai wasu magunguna ban da shi. Magani ba ya tumɓuke ciwon daga saiwa, amma yana tsare mutum ya yi noma, ya yi aure, ya riƙe gidansa. Ga abin da za a kiyaye:

1. Kada a bar magani don an ji sauƙi. Barinsa farat ɗaya yana dawo da ciwon.
2. Mai shan litiyom yana bukatar awon jini lokaci-lokaci. Ya sha ruwa isasshe, musamman da bazara. In zawo ko amai ya kama shi ya koma likita nan take, domin ƙarancin ruwa a jiki yana sa maganin ya zama guba. Kafin azumi ma ya nemi shawarar likita.
3. Maganin da ake ce ma balfurowat yana illata ɗan da ke ciki. Macen da ke cikin shekarun haihuwa ta gaya ma likita gaskiyar halinta kafin a rubuta mata magani.
4. Kada a sayi ƙwaya wurin masu yawo da ita bisa faranti a kasuwa. Maganin baƙin ciki shi kaɗai yana iya tayar da hawan.
5. A kiyaye lokacin barci. Idan barci ya fara raguwa dare 2 ko 3, iyali su farga, sau da yawa wannan ce alamar farko.

Yaushe za a gaggauta?

Idan mutum yana maganar kashe kansa, ko yana barazana ga wasu, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da wuƙa da igiya da maganin ƙwari na gona, a kai shi gidan likita a ranar. Idan ruɗewar ta zo da zafin jiki ko sanƙarewar wuya, wataƙila zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, ko sanƙarau, nan ma jinkiri yana iya cin rai.

A fara da gidan likita mafi kusa. Daga can za a tura ku gaba in akwai bukata. Manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram suna da sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa. A tafi da wanda ya san majiyyacin sosai, domin mai hawa ba ya ganin yana da ciwo. Ku da kuka iya rubutu yanzu, ku ɗauki littafi ku rubuta ranar da abin ya fara, da awa nawa yake barci, da abin da ya aikata. Wannan takarda za ta taimaki likita ƙwarai.

Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna. Mari da bulala kuwa ba su taɓa warkar da kowa ba, sai ƙara rauni da tsoro. Majiyyaci ɗan'uwanmu ne, a yi masa magana a hankali, a rage taro a kansa.

Muna roƙon malaman cibiyoyi su karanta wannan shafi tare da ɗalibai, su tattauna a kansa. Wanda ya karanta ya karanta ma maƙwabcinsa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.