Kwamfutar ba ta ɓace ba, ɓuya ta yi



Makon jiya wani abokina mai shagon buga takardu a nan Rimin Gado ya kira ni hankali tashe. Kwamfuta uku gare shi, firinta na jikin ɗaya. An ɗauke wuta, ya tada janareta, sai sauran biyun suka daina ganin mai firintar. Ga ɗalibai sun yi layi, shi kuma har yana shirin kai ta Kano a yi mata fomatin. Na ce masa dakata, kar ka goge takardun mutane a banza.

Farko, duba ko duk kan rauta ɗaya suke. Rauta takan ɗauki lokaci kafin ta gama tashi, sai kwamfuta ta riga ta, ta kama waifai ɗin wayar wani da ta taɓa hawa. Intanet na aiki, amma ta bar gida.

Na biyu, Windows na raba netwok gida biyu: Public da Private. In ta ɗauki na shagonka a matsayin Public, da gangan take ɓoye kanta, kamar ka shiga tasha ka riƙe aljihunka. Mayar da shi Private, ka kunna Network discovery.

Na uku, lambar IP. Rauta ce ke raba ta, kuma bayan ɗaukewar wuta tana iya canjawa. A kwamfutar da ta ɓuya, buɗe cmd ka rubuta ipconfig ka ga lambarta, sannan daga ɗayar ka rubuta ping da wannan lambar. In ta amsa, kebul da rauta lafiya suke, matsalar saiti ce.

Wasu za su ce ka kunna SMB1. Kar ka yi. Ta raunin wannan tsohuwar hanyar WannaCry ta bi a 2017, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila.

Na abokina dai na biyun ne. Minti biyar firinta ta ci gaba da aiki.

In ka gwada ukun nan ba ta fito ba, rubuto mana wace Windows kake amfani da ita. Sai mun haɗu a shiri na gaba.