Yadda A Ke Sa Wa Motar Wasa Fitila

A Zangon Agege yara na son motar wasa irin wadda a ke tuƙawa daga nesa da rimot, sun kuwa fi son ta da fitilu gaba da baya kamar ta gaske. Sai su ɓalle 'yan ƙwayayen nan da a ke kira LED daga tsohuwar tocila, su ɗaura wa batir kai tsaye. Ƙwan ya yi wal sau ɗaya, shi ke nan ya mutu. Ina so in bayyana wa 'yan'uwana masu koyon aikin malanta dalilin wannan, gama wata rana yaro zai kawo muku mataccen ƙwai ya tambaya.

Shi LED ba ƙwan tocila irin na dā ba ne mai zare a ciki. Wani Ba'amurke, Nick Holonyak, ya fara yin jan a 1962. Halinsa kuwa shi ne ba ya sanin ya ƙoshi. Jan yana bukatar wajen bolt 2, farin wajen bolt 3, wutar da za ta ratsa shi kuma kada ta wuce miliamfa 20. In an ba shi fiye da haka, sai ya yi ta sha har ya ƙone.

To, maganin abin wani ɗan ƙarfe ne mai zane-zanen launi, rizista, wanda kowane mai gyaran rediyo ya ke da shi. Aikinsa kamar na mai lambu ne da ke rage bakin kwata don kada ruwa ya kwashe shuka. Ga lissafin. A ce batirin bolt 9 ne, ƙwan ja ne. Ɗebe 2 daga 9, saura 7. Raba 7 da 0.02, watau miliamfa 20 ɗin nan, ka sami om 350. Sai ka nemi rizista mai om 390, gama gara ya ɗara kaɗan da ya gaza. Ni a ganina da wuya a sami darasin raba lamba da zai shiga kan yaro kamar wannan.

Sauran magana ɗaya. Idan fitila da injin motar suna sha daga batir guda, da injin ya ja sai hasken ya dushe. Nan ne a ke sa regileta. Wadda aka fi sani, mai lamba 7805, tana fitar da bolt 5 daidai, muddin abin da ya shiga cikinta bai gaza bolt 7 ba. Amma fa ko da ita sai an sa rizista, mai om 150 ga jan ƙwai. Wanda bai sami regileta ba ya ware wa fitilun nasu batir dabam.

A lura kuma da ƙafafun ƙwan. Doguwar ita ce ta wajen alamar tarawa a jikin batir. In aka juya su ba zai kama ba, sai yaro ya zaci ya mutu ya yar, alhali lafiyarsa lau.